Maiwar Inna Hure da Bututun Tagulla

A garin Adabka, can ƙasar Bukkuyum, akwai wani magidanci da ake kira Mainasara. Mutum ne mai ƙwazo, mai kyauta, ba ya zagi, ba ya taɓa kayan wani. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: ba ya jure a koya masa abu. Da ka fara yi masa bayani, kafin ka kai rabi zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane." Ko ya gane, ko bai gane ba. Tun yana yaro haka yake. Ranar da aka fara ɗora shi a kan babur, mai koya masa yana cikin nuna masa birki ya ce ya gane, ya murɗa ya tafi. Daga cikin gonar rogo aka tsamo shi.

Sana'arsa haƙar zinari ce a ramukan wajen Anka. Da can a Dareta yake aiki, amma tun shekarar da gubar dalma ta kwashe yara a garin ya daina kawo dutse gida, ya mayar da matarsa Saudatu Adabka wurin mahaifiyarsa, Inna Hure. Shi kuwa yakan yi kwana goma a rami, ya zo gida ya yi uku.

A tsakar gidan akwai rumbun laka babba mai hular jinka, yana zaune a kan duwatsu. Abincin gidan na shekara yana cikinsa. A can sama kuma, dab da jinkar, Inna Hure takan ajiye wani dami guda da ta ɗaure da jan ƙyalle. Iri ne. Maiwa ce mai dogon kai, mai gashi, wadda tsuntsu ba ya son sauka a kanta. Surukinta Malam Ɗahiru ne ya taho da ita tun kafin a haifi mijinta, shi ya bar wa ɗansa, ɗan ya rasu ya bar wa Inna Hure. Da kowa a Adabka yana shuka ta. Amma maiwa ce mai nawa, sai damina ta kusa ɗaukewa take fid da kai, mutane kuwa tun da daji ya fara lalacewa da ɓarayi kowa ya koma iri mai saurin nuna, a girbe a gudo gida. Ɗaya bayan ɗaya suka sake ta, har ya zama babu mai ita sai Inna Hure. Idan ta yi fura da ita, tun daga ƙofar gida ake jin ƙamshin.

Ƙarƙashin rumbun akwai gidan tururuwa. Kullum za ka gan su a layi, kowace da ƙwayar hatsi a baki. Mainasara ya sha cewa zai zuba musu fetur.

"Bar su," in ji Inna Hure. "Tun ubanka na da rai suke nan. Abin da sunka ɗauka bai taɓa hana mu tuwo ba."

To, Mainasara yana shan taba. A bakin rami ya koya tun yana saurayi. Amma kun san al'adarmu, ɗa ba ya busa hayaƙi a gaban wadda ta haife shi, ko da ya yi furfura. Saboda haka tun farko ya samo wa kansa maɓoya. Idan ya shigo gida sai ya miƙa hannu ya cusa kwalin tabar a cikin jinkar rumbu ta baya, inda ba mai dubawa, sannan ya kurkure baki ya je ya gaishe ta. Shekara da shekaru hannunsa ya saba da wurin nan, ko ido rufe zai same shi.

Saudatu ta daɗe tana yi masa mita a kan tari da warin riga. Ana nan sai wani mai sayen zinari, mutumin Kano da ake kira Anwar, ya nuna masa sigarin lantarki. Wani ɗan abu ne kamar biro, ana yi masa caji kamar waya, a ɗiga masa wani ruwa mai ƙamshi, a zuƙa, tururi ya fito. Mainasara ya saya, ya yi wata huɗu da shi, ya rage taba ƙwarai. Sai dai abin ya yi masa ƙanƙanta. Tururinsa bai fi na bakin buta ba, kuma samari biyu a ramin sun sayi irinsa.

Ranar wata kasuwar Anka, a shekarar dubu biyu da sha bakwai, bayan an gama awon zinari a bayan wani shagon waya, Mainasara ya ce, "Alhaji, wanga ɗan biro naka ya ishe ni. Ba ka da na manya?"

Anwar ya yi murmushi, ya buɗe jakarsa, ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe baƙi da bai fi tafin hannu ba, da ɗan gilashi mai nuna lambobi.

"Tunda ka saba da ƙaramin, wannan ne ya dace da kai," in ji shi. "Wannan yana da ƙwaƙwalwa. In ka danne shi ya daɗe, da kansa yake yankewa. In batir ya yi zafi, ya ƙi aiki. Ko juya batirin ka yi, ba zai tashi ba. Yana gyara maka kuskurenka."

Mainasara ya juya akwatin a hannu, amma idonsa ba a kansa yake ba. A bakin jakar ya hango wani bututu na tagulla, tsawonsa kamar taƙi, an goge shi yana ɗaukar ido kamar zinarin da aka gama ƙonawa.

"Wancan hwa?"

"Wancan nawa ne. Ba na sabon hannu ba ne."

"In dai gani."

Anwar ya ɗauko shi, ya murɗa wani ɗan zobe da ke gindinsa, ya sa a baki, ya danna gindin da ɗan yatsa. Abin ya yi wata ƙara kamar an jefa albasa a mai. Da ya buɗe baki, wani farin girgije ya fito, ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa kamar ba daga cikin mutum ba. Ya cika bayan shagon, ya haɗiye mai shagon wayar har ba a ganin ko hularsa, ya gangara ƙasa yana birgima a kan tabarma kamar mai rai. Ƙamshin mangwaro ya cika wurin, alhali ba lokacin mangwaro ba ne. Mainasara ya saki baki. Ya taɓa shiga ramin da ya fi rijiya uku zurfi, ya ga jijiyar zinari tana walƙiya a cikin dutse, amma bai taɓa ganin abu irin wannan ba.

"Shi nike so," ya ce a hankali.

"Malam Mainasara, saurara. Wannan ba shi da ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Tagulla ce da batir, shi ke nan. Kai ne ƙwaƙwalwarsa. Muddin gindin nan yana danne, wuta tana ci, ba abin da zai tsayar da ita. Shi ya sa kullum in ka gama sai ka murɗa zoben nan ya kulle. Kullum. Sannan batirinsa..."

"Na gane."

"Ban gama ba. Batirinsa ba kowane..."

"Alhaji, ni da nike ɗaura nakiya cikin rami, ɗan bututu za ya gagare ni?"

Anwar ya ce ba zai sayar ba. Mainasara ya ce to, masu sayen zinari ba su ƙare a Anka ba. Nan Anwar ya sassauto. Shi ma ɗan Adam ne, ba ya son ya rasa mai kawo masa kaya. Ya naɗe bututun da batir biyu da abin caji ya miƙa masa. Har Mainasara ya hau babur, Anwar yana biye da shi yana cewa, "Kada ka sa masa batirin da ba nasa ba. In rigar batir ta yage, ka jefar." Ƙarar babur ta cinye rabin maganar, ragowar rabin kuma Mainasara ya bar ta a Anka.

Abin da ya nema ya samu. A bakin rami, idan ya busa, har masu daka dutse sukan ajiye guduma su yi kallo. A Adabka kuwa, ranar da ya fara fito da shi a gindin darbejiyar da maza ke zama, wani dattijo ya janye ƙafarsa daga girgijen yana salati. Wasu Fulani da suka zo sayen gishiri suka tsaya daga nesa, ɗayansu ya miƙa sanda ya taɓa tururin ya ga ko zai kama. Aka yi ta zancen har Zugu, cewa akwai mutum a Adabka da ke fitar da gajimare ta hanci.

Mutum ɗaya ne bai yi mamaki ba, shi ne Makau, taubashinsa, ɗan yayan Inna Hure. Makau maginin rumbu ne, mutum mai sanyin jiki, kuma tsakaninsa da Mainasara kullum tsiya ce.

"Taubashi," in ji Makau, "tunda ka iya haɗa hadari, ka zo gonata ka tsaya in an yi shuka."

"Kai da kake kwana ashirin kana gina tukunya guda, mi kas sani ga kayan zamani?"

"Ban san komi ba. Miƙo in taɓa." Makau ya karɓa, ya yi saurin mayar masa. "Wanga abu da zahi shike kamar an hid da shi daga murhu. Haka anka yi shi?"

"Haka shike. Ƙarhi na."

Ba haka aka yi shi ba. Abin da ya faru shi ne, batiran nan biyu ba sa kai masa yini, saboda yawan busa wa 'yan kallo, caji kuma a bakin rami sai an bi layi wurin mai janareta. Wata rana yana canza batirin fitilar goshinsa, irin wadda masu haƙa ke ɗaurawa su shiga rami, sai ya lura girmansa ɗaya da na bututun. Ya gwada, ya shiga daidai. Ya danna, tururi ya fito. Ya yi dariya shi kaɗai, ya ce ashe Alhaji wayo yake so ya yi masa. Batiran fitila kuwa ga su nan birjik a bakin rami, wasu sun sha duka a jikin dutse, rigarsu ta kore ta yayyage. Daga ranar bututun ya fara zafi a hannu. Mainasara ya ɗauka alamar ƙarfi ce.

Aka shiga bazara. Zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa, jinka kuwa ta bushe har tana ƙara in iska ta taɓa ta. Wata Talata bayan azahar, Inna Hure ta tafi gaisuwar rasuwa a unguwar gabas, Saudatu tana ɗaki da jaririnta. Mainasara ya zagaya bayan rumbu ya zauna a inuwa yana busa abinsa, yana kallon yadda tururin ke hawa yana narkewa a rana.

Sai ya ji sallamar Inna Hure a zaure. Ta dawo da wuri.

Bai yi tunani ba, hannunsa ne ya yi aikin da ya saba. Ya miƙe, ya cusa bututun cikin jinka ta baya, ya tura shi da ƙarfi har gindinsa ya tokari sandar da ke riƙe da jinkar. Ya kaɗa hannu a iska, ya goge baki, ya zagayo.

"Sannu da dawowa, Inna."

"Yawwa. Ɗauko mani tabarma, ƙahwahuna sun gaji. Zamna, magana gare ni."

Ya shimfiɗa mata a ƙofar ɗakinta, ya durƙusa a gefe. Ta fara ba shi labarin gidan rasuwar, wanda ya zo da wanda bai zo ba. Daga nan ta gangaro kan shuka. Ta ce bana tana so a sa maiwar a gonar fadama, kada a kai ta ta nesa, ta ce in an ga hadarin fari ya hau ya sauko mata da damin jan ƙyalle ta sussuka da hannunta.

A daidai nan ne ya tuna da zoben. Bai murɗa ba.

Daga inda yake durƙushe yana ganin rumbun, taku goma sha biyu ne kawai. Ya kasa kunne, sai ya ji kamar wata 'yar ƙara siririya, irin ta albasa a mai. Tashi ɗaya zai yi, ya zagaya, ya zaro abin. Amma in ya tashi, Inna za ta ce ina za ka ina magana. In ya zaro, za ta gani. Za ta san abin da ya yi shekara ashirin yana ɓoyewa, za ta kuma san ya sayi abin da bai iya ba. Sai ya ce a ransa, ai batirin ya kusa ƙarewa, zai mutu da kansa. Ya ce bari ta kai aya.

"Kana jina kuwa?" in ji Inna Hure.

"Ina ji, Inna."

Ta ɗaga hanci. "Wa ke ƙona mangwaro cikin garin ga?"

Ƙamshin ya riga ya juya ya zama ƙauri.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau in suna ba da labari sai sun sassauta murya. An ji ƙara kamar ta bindiga. Daga cikin jinkar wata wuta ta fito a tsaye, ba ja ba kamar wutar kara, fara fat mai shuɗi a baki, tana huci kamar wutar masu walda. Ta harba sama ta fi tsawon mutum. Bututun kansa ya tashi kamar an harba kibiya, ya tsallake katanga, daga baya a jikin kukar maƙwabta aka same shi ya nutse, tagullar ta buɗe kamar furen kabewa. Kafin a ce wani abu, hular rumbun gaba ɗaya ta zama wuta.

Garin ya ɗauka ɓarayin daji ne suka shigo. Mata suka suri yara suka yi bayan gari, maza suka yi ta neman abin kare kai. Lokacin da aka gane gobara ce, aka dawo da bokitai, jinkar ta riga ta rufta ciki. Damin jan ƙyalle shi ne a sama, shi wutar ta fara ci. Rumbun ya zama kamar tanderu, yana ruri, hatsi yana fashewa a ciki kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Mainasara ya yi ta ɗiban ruwa kamar mahaukaci, ya kama bakin rumbun zai hau, tafin hannunsa ya saluɓe, Makau ne ya rungumo shi ta baya ya fizge shi. Da aka yi ta zuba ruwa a kan laka mai zafi, sai rumbun ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya buɗe gida biyu. Abin da wuta ta bari, ruwa da toka suka gama da shi.

Allah ya tsare, wutar ba ta kama ɗakuna ba, ba a rasa rai ba. Amma abincin shekara ya tafi, maiwar Malam Ɗahiru ta tafi.

Da la'asar mutane suka watse. Inna Hure tana zaune a tabarmarta, ba ta yi kuka ba. Mainasara ya zo ya durƙusa, Saudatu ta naɗe masa hannu da tsumma, kansa a ƙasa.

"Inna, ni na. Wani abu nib ɓoye cikin jinka."

"Na sani."

Ya ɗago.

"Tun kana da shekara sha shida nike ganin kwalin taba nan wurin. Wa kake tsammani ke gyara shi in damina ta zo, don kar ya jiƙe ka sayi wani? Na yi shiru don ka ji kunyata, nic ce wata rana kunyar za ta sa ka bari." Ta dubi tokar. "Da kaj ji abin na ci, kana nan gabana?"

"Ina nan."

"Kas sani?"

"Na sani, Inna."

"To wannan ba kunya ba ta, Mainasara. Kunya ba ta ƙone abincin uwa. Girman kai na yas sa rigar kunya." Sannan muryarta ta yi laushi. "Hannun na maka zogi?"

Sai a lokacin ya fashe da kuka, ƙato da shi.

'Yan'uwa suka yi abin da aka saba. Gidan su Makau suka kawo dammuna, dangin Saudatu suka aiko da dawa daga Gummi a bayan babur. An ci tuwo a shekarar, amma ba a ƙoshi ba, fura kuwa sai ranar Juma'a. Aka aika ƙauyuka ana cigiyar maiwa mai gashi, har Zugu, har wajen Gummi. Kowa sai ya ce, ayya, da muna da ita.

Da hannunsa ya warke, Inna Hure ta ce ba zai koma rami ba sai ya gina mata rumbu, kuma ba haya zai ɗauko ba, a ƙarƙashin Makau zai yi. Aka zaɓi wuri gefe da na da. Ranar farko Makau ya nuna masa yadda ake cuɗa laka da ciyawa a bar ta ta kwana uku tana ruɓa. Bakin Mainasara ya buɗe zai ce abin da ya saba cewa, sai ya rufe.

"Mi kac ce, taubashi?" in ji Makau, yana kasa kunne da gangan.

"Cewa niy yi, sake nuna mani."

"Gwaggo," Makau ya ɗaga murya, "hito ki ji abin al'ajabi. Wanga ya hi gajimaren."

Rumbu ba a gina shi rana ɗaya. Za ka ɗora laka kamu ɗaya ka zagaye, ka tsaya sai ta sha iska ta yi ƙarfi, gobe ka ɗora wani. In ka yi gaggawa ka ɗora ɗanye a kan ɗanye, cikinsa zai zauna. Mainasara ya gwada sau ɗaya da Makau ya tafi masallaci, ya ƙara kamu biyu. Da safe suka tarar gefen ya lotsa. Makau ya miƙa masa fartanya, Mainasara ya rushe da hannunsa. Kwana ashirin da uku suka yi. A cikin kwanakin nan bai sha taba ba, bai nemi ɗan biron ba, kuma bai sake komawa gare su ba.

Ruwan fari ya sauka. Aka shuka gero irin na kowa. Bayan kwana biyar, da hantsi, Inna Hure ta fito za ta zubar da ruwan wanke-wanke, sai aka ji ta ajiye kwanon a hankali.

"Mainasara. Taho ka gani."

A inda tsohon rumbu yake, tsakanin baƙaƙen duwatsu, a bakin ramin tururuwa, wasu 'yan tsirrai sun huda toka sun fito, kore shar a kan baƙi. Ruwa ya shiga gidan tururuwar, sun fito da ajiyarsu waje, abin da suka yi ta ja ƙasa inda wuta ba ta kai ba. Suka tsaya su uku da Saudatu suna kallo.

"Ita ta, Inna?" ya tambaya da raɗa.

"Ban sani ba. Gero da maiwa duk ɗaya suke suna ƙanana. Wanda yay yi saurin hid da kai, gero na. In akwai wadda tat tsaya, ta ƙi, har ruwa ya kusa ɗaukewa, to ita ta."

"Har yaushe ke nan?"

"Wata huɗu. Ko kana da wurin zuwa?"

Ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Kowace safiya kafin ya tafi gona sai ya tsuguna ya duba. Tsirrai goma sha ɗaya ne. Biyu suka mutu. Da aka yi wata biyu da rabi, shida suka fid da kai, gajere, mara gashi. Gero ne. Saura uku suka yi ta tsawo, suka wuce kansa, suka wuce katanga, ganye kawai, ba alamar komai. Maƙwabta suka ce wofi ne, a sare a ba akuya. Mainasara ya ce a bar su.

Sai da aka girbe geron gari kaf, hadari ya fara yin nisa, sannan wata safiya ya ga kan ɗaya ya kumbura. Bayan kwana uku kai ya fito, dogo kamar hannun mutum, da gashi sirara suna rawa a iska. Sauran biyun ma ga kansu ya fara kumbura. Wani ɗan tsuntsu ya zo zai sauka, ya yi shawagi, ya fasa.

Inna Hure ta zo da sandarta. Ta miƙa hannu, Mainasara ya lanƙwaso mata karan a hankali kamar mai miƙa jariri. Ta shafa gashin da yatsa, ta daɗe tana shafawa.

"Sannu da zuwa," ta ce wa maiwar. Sannan ta yage bakin jan ɗankwalinta ta ba shi. "In ta bushe, kai za ka ɗaure. Ka iya ɗaurin iri?"

"Ban iya ba, Inna," in ji Mainasara. "Koya mani."

To 'ya'yana, darasin a fili yake. Duk abin da za ka saya ko za ka fara, in wanda ya san shi ya ce ga daidai kai, karɓi daidai kai, kada ƙyalli da idon 'yan kallo su zaɓa maka. Ka bar mai bayani ya kai ƙarshen maganarsa, domin sau da yawa abin da zai cece ka yana cikin rabin da ka katse. Kayan wuta na zamani ba ruwansu da jarumtakarka, kuma abu biyu su yi girma ɗaya ba shi ne suka zama ɗaya ba. Hayaƙi kuwa, na taba ne ko na lantarki, wanda ya bar shi bai yi asarar komai ba. In kuma ka yi kuskure kana ji yana ci, tashi ka faɗa tun taku goma sha biyu ne tsakaninka da shi, ko a gaban wa kake. Mainasara ya samu kai uku na maiwa saboda rahamar Allah da tausayin tsohuwa ga tururuwa, ba don dabararsa ba. Kada ka ƙona naka rumbun kana sa ran za a bar maka ko ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin toka.